Kajin da ke Cikin Rigar Jafaru

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba ni Jafaru, ya kuma haɗa mini da haƙurin da ban san ina da shi ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan shi ne, kwanan baya na ga wata yarinya a layinmu tana jan ɗanta za su gidan suna. An cusa shi cikin sabuwar shadda, yana ihu yana yaƙushin wuyan rigar, ita kuma tana kai masa ranƙwashi wai ya cika fitina. Na tsayar da ita na ce ta cire masa rigar nan. Ta dube ni kamar na ce ta cire tata. To ga dalilina, ko ita ko wata za ta amfana.

Ni matar maɗinki ce. Kusfa aka kawo ni, cikin birnin Zariya, gidan da tun kaka da kakanni ba su san wata sana'a ba sai aikin wuyan riga. Mijina, wanda nake ce wa Malam, mutum ne shiru-shiru, in ya sunkuya kan allura sai kiran salla ke ɗaga shi. Babban gidan kuwa yayansa ne, Alhaji Babba, shi ke kai riguna Kano da Legas ya sayar. Allah ya hore masa murya, in ya yi sallama a zaure har maƙwabta amsawa suke yi. Bai taɓa fita ba sai da rigar da ta sha sitati har tana iya tsayuwa da ƙafarta, kuma yana da wata al'ada, kullum yatsansa na cikin wuyan riga yana jujjuya kai. Muna zaton ƙasaita ce. Sai uwarsu Inna, tsohuwa mai ƙashi, wadda ba a taɓa kawo wata cuta gabanta ta ce ba ta san ta ba.

Jafaru shi ne na uku a ɗakina, an haife shi lokacin mulkin soja, shekarun da maza ke wuni a layin mai. Ya kai shekara huɗu kalmominsa ba su cika hannu ba. Ka kira sunansa har maƙogwaronka ya bushe, ko gezau. Inna ta yanke hukunci kurma ne. Don ta tabbatar mana, rannan yana zaune gindin ubansa ya zuba wa allura ido, ta lallaɓo ta bayansa ta saki farantin tangaran a ƙasa. Malam ya soke yatsa, ni na kifar da geron da nake tsincewa, akuya ta tsinke igiya, Jafaru ko ƙifta ido bai yi ba. Amma da la'asar ɗin ranar sai muka ga ya toshe kunne da hannu biyu ya kutsa ƙarƙashin katifa, kuma sai bayan nan ne mu masu kunne muka ji an tada injin niƙa can ƙarshen layi. In na buɗe gwangwanin alawa a ƙuryar ɗaki, kafin in rufe yana tsaye a kaina. Na tambayi Inna wane irin kurma ne wannan mai jin buɗe gwangwani ta bayan bango. Ta ce ai dama haka kurame suke, da hanci suke ji.

Abin bai zama magana ba sai a Ƙaramar Salla. Malam ya zage ya ɗinka masa kaftani, aikin hannu tun daga wuya har cibiya, irin wanda bai yi wa kansa ba. Aka sa sitati, aka kai wa mabuga suka buge shi har yana ɗaukar ido, Inna ta yayyafa turare. Da kokawa muka sa masa. Aka kai shi zauren Alhaji gaisuwa, ga baƙi cike har da abokan cinikinsa na Kano. Jafaru ya daure iyakar tsawon sallama ɗaya. Daga nan ya tuɓe riga, ya tuɓe wando, ya taka ta cikin tiren cincin, ya fice layi zigidir yana ihu. Wani baƙo ya tambaya ko ɗan waye ne, Alhaji ya ce na maƙwabta ne.

Da baƙi suka watse Alhaji ya tara mu. Ya ce gidan da ke suturta manyan mutane ba zai zama gidan da ɗansa ke yawo tsirara ba, wannan ba ƙuruciya ba ce, iska ce. Akwai wani Tanko, manomin da ke kawo mana hatsi daga ƙauyensu duk kaka, ya ba shi labarin wani mai magani can wajensu da ake bar wa irin waɗannan yara har su warke. Alhaji ya ce ya ba mu zuwa Babbar Salla. In Jafaru ya zauna a zaure da riga a jikinsa kamar ɗan kowa, shi ke nan. In ya sake tuɓewa, Tanko zai zo karɓar nama, sai ya wuce da shi. Malam ya sunkuyar da kai, don tun da aka haife shi bai taɓa ce wa yayansa a'a ba. Ni kuwa na san wurin. Matar Tanko ta taɓa gaya mini da mari ake ɗaure su a ƙafa, kuma uwa ba ta zuwa dubiya. Yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishi, wa zai gane shi a can?

Kafin in shiga jerin wahalar da muka sha, sai na faɗi wata doka ta gidanmu, don ita ce ta kusa kai ɗana ƙauye. A gidan maɗinka ba a fita da yaro da tsumma. Ko gidan maƙwabta za a aike shi, sai an sa masa riga mai aiki, saboda jikin 'ya'yanmu shi ne allon tallanmu. Don haka duk inda za mu neman magani, sai an danne Jafaru an zura masa kaftanin nan na Salla. A gida yana yawonsa da wata tsohuwar singileti ta yayansa wadda wanki ya cinye, lafiya lau, ba ya neman kowa da fitina. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan, har da ni mai ba ku labari.

Makon farko wanzami muka fara kira, ya ce harshen ne a ɗaure, ya san irinsu. Ya sa yatsa zai duba, Jafaru ya datse shi. Mutumin ya tashi yana yarfe hannu, ya ce harshen dai bai gani ba, amma haƙora ƙalau suke. Inna ta koma kan kunne, ta ɗumama man shanu tana ɗiga masa safe da yamma. Abin da muka samu shi ne yaro mai ƙamshin tuwon biki da ƙudaje na bin sa.

Mako na gaba aka kwatanta wa Inna wani malami a Ƙofar Kibo. Tun da aka sa wa Jafaru riga yake birgima, ya ƙi tafiya. Inna ta ce ita ba a yi mata haka. Ta sunkuce shi, ƙaton yaro ƙafafu na reto, ta aza a baya, ta ɗaure da zane, ta ƙara da majanyi ta ja har sai da na ji tsoron haƙarƙarinsa. Ba mu bar layinmu ba ya yi tsit, ya kwantar da kai a kafaɗarta, jikinsa ya yi laƙwas. Inna ta waiwayo ta ce in ga ikon Allah, maganin malamin nan tun daga hanya yake kamawa. Muna isa ta kwance shi, ya ɓarke da ihu ya soma tuɓewa. Malamin ya gyaɗa kai ya ce aljanin ne ya gane shi. Muka bar masa farin zakara, muka dawo da rubutu da ƙullin hayaƙi. Hayaƙin nan Inna ya kama, ta yi ta tari har mako ya zagayo, shi kuwa mai cutar tun kafin a hura garwashi ya shige ƙarƙashin katifarsa.

'Yan dubiya ba su bar mu haka ba. Wata ta ce in ba shi ruwan da aku ya sha ya rage. Wata ta ce ni ce na yi wanka da almuru ina da cikinsa. Wata ƙanwar Malam ta ce duka ne bai ishe shi ba, ta karɓe shi wuni guda, kafin azahar ta dawo da shi ɗankwalinta a hannu. Ina gode musu, don kowacce da kwanon abincinta take zuwa, kuma da zuciya ɗaya suke faɗa. Amma da shawara tana warkarwa, da Jafaru ya zama mai wa'azi.

Da na ga kwanaki na tafiya, na ɗauki kwanukan jerena biyu na ba dillaliya, na ce wa Malam asibiti za ni. Inna ta ce ba ta yarda da su ba, amma za ta raka ni don kada su cuce ni. Wanda bai bi layin kati a babban asibiti ba a shekarun nan bai san haƙuri ba. Ka zo da sassafe ka tarar da waɗanda suka riga ka, mai ba da kati ya tafi karin kumallo, ya dawo, ya tafi salla tun lokaci bai yi ba. Ga warin magani, ga kukan yara, ga wata fanka a sama tana ƙugi kamar za ta faɗo. Jafaru cikin kaftaninsa ya tada wurin nan gaba ɗaya. Mai gwajin kunne ya ce ba ya iya gwada yaron da ya fi na'urarsa ƙara, mu dawo in ya huce. Muka koma wani makon, Inna ta riƙe shi tamau a cinya aka samu aka gwada. Aka ce kunnensa ya fi namu. Inna ta ce na'urar ce kurma.

Suka tura mu wajen likitar yara, wata siririyar mace mai tabarau. Ranar farko ko zama ba mu yi ba, Jafaru ya watsar mata da takardu, ya tuɓe, ya shige bayan kabad. Ta ce mu dawo. Da muka dawo muka tarar an tafi yajin aiki, ƙofa a garƙame. Haka muka yi ta sintiri muna dawowa, watan Salla na matsowa. Alhaji in ya gan ni sai ya tambayi jikin yaron da muryar nan tasa, in ce da sauƙi. Ya ce to madalla, Tanko ma ya aiko yana gaisuwa.

Akuyarmu ce ta yi mini rana, Allah ya sa ta huta. Ranar da aka ce likitoci sun koma, na wanke kaftanin na sa sitati na shanya. Ita kuma sitatin ya yi mata daɗi, kafin in fito ta cinye hannu ɗaya ta kama wuya. Babu lokacin neman wani. Na ɗauki Jafaru da singiletinsa mai huji, Inna na biye da ni tana salati, wai yau mun tona wa gida asiri, ta ja mayafi ta rufe fuska kada a gane ta a hanya. Muka hau tasi shiru. Muka bi layi, ya toshe kunne saboda fankar, amma bai yi ihu ba. Muka shiga wajen likita ya zauna a ƙasa, ya samu wani zare da ya zaro daga gefen labule yana murzawa.

Likitar ta sauke tabarau ta ce, "Wannan ne yaron da ya tada mini ofis rannan? Me kuka ba shi?"

Inna ta yi caraf ta ce rubutun Ƙofar Kibo ne ya fara aiki. Likitar ba ta yi musu ba, ta shiga tambayata, me yake ci, me yake gudu, yaushe yake ihu, yaushe yake shiru. Da na zo kan akuya da kaftani sai ta tsayar da ni ta ce in maimaita. Ta tashi ta zagaya bayansa, ta ɗauki gefen takarda ta shafa masa a wuya a hankali. Jafaru ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Ta bari ya lafa, sannan ta ɗora tafin hannunta biyu a kafaɗunsa ta danna da ƙarfi. Sai na ga kafaɗun sun sauka, ya saki numfashi. Ta sunkuya kusa da shi ta kira sunansa ƙasa-ƙasa. Ya ɗago ya dube ta. Ni da na haife shi, na shekara ina ƙwala masa kira daga bakin murhu, ban taɓa samun wannan ba. Kishi da murna suka haɗu suka kama ni.

Ta ce da Turanci otizim ake ce wa abin, yanzu ina ji a rediyo suna cewa galahanga. Sunan bai dame ni ba, bayanin da ta yi ne ya zauna mini har yau.

"Ki ɗauka zauren gidanku babu kowa, ƙofa a buɗe," in ji ta. "Mai talla ya shigo, baƙo ya shigo, akuya ta shigo, duk har tsakar gida a lokaci guda, kowa na magana. Wa za ki saurara? Haka yake ji in jikinsa ya tashi. Ƙaiƙayin riga, ƙamshin turare, ƙarar inji, muryarki, duk ƙarfinsu ɗaya a wajensa. Sai ya gudu, ko kuma ya kama abu guda, kamar allurar babansa, ya banko ƙofa ya sa sakata. A lokacin ko ganga kika buga ba zai ji ba. In ya yi sama ba ya jin ki, in ya nutse ba ya jin ki. A tsakiya ake samun sa."

Ta ce shafa a hankali azaba ce gare shi, matsa da ƙarfi kuwa hutu ne, shi ya sa yake shiga ƙarƙashin katifa, shi ya sa goyon Inna ke kwantar da shi. Ta ce ba duk masu wannan hali ne iri ɗaya ba, in lura da nawa. Ta kuma gaya mini gaskiyar da ban so ji ba, cewa ba abu ne da ake warkewa a wuce wurin ba, zama da shi ake koya. Inna, wadda ke jiran ƙarshen magana, ta ce yanzu duk layin nan da muka bi ko allura ɗaya ba za a yi masa ba? Likitar ta yi murmushi ta rubuta wa Inna maganin ciwon gwiwa, don kada mu fita hannu rabbana.

A tasi na juya ragowar kaftanin a raina. Aikin hannu kyansa a waje yake. Ta ciki ƙulle-ƙulle ne da guntayen zare, in sitati ya bushe a kansu sai su zama ƙaya. Ashe duk fitar da muka yi neman magani, da hannunmu muke sa masa ciwon kafin mu fita, mu kai wa masu magani su gani su tsorata.

Gaya wa Malam ya fi bin layin kati wuya. Ya ajiye allura ya dube ni ya ce, "Wato rigata ce cutar?" Na ce ba haka likita ta ce ba. Ya ce manyan mutane sun sa aikinsa ba wanda ya tuɓe a zaure. Ya ɗaure fuska, ya daina cin abincina da daɗin rai, ya ma yanko sabuwar shadda zai yi wa yaron wani kaftanin da ya fi na da aiki. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi, duk a banza. Sai rannan bayan azahar ya kishingiɗa a inuwa ba riga, barci ya ɗauke shi. Na ɗauko wuyan kaftanin da akuya ta rage, na juya cikinsa, na ɗora masa a wuya na ɗan ja. Bawan Allah nan da ba a jin muryarsa ya miƙe tsaye yana marin kansa yana kiran kunama. Da ya ga abin da ke hannuna ya so yin faɗa, sai kuma ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya shafa cikin da yatsa, ya daɗe yana kallon Jafaru da ke murza zare a gindin turmi. Can ya ce in kawo masa zanen da ya fi kowanne tsufa a akwatina.

Zanen da ya fi tsufa kuwa wata atamfa ce da na goyi 'ya'yana duka da ita, ta sha wanki har ta yi laushin auduga. Matsalarta ɗaya, zanen kaji ne a jikinta, kaza da 'yan tsakinta, jere-jere. Malam ya dube su ya yi tsaki, ya ce ai a ciki za su zauna. Ya yi wa sabuwar rigar aikinsa a waje yadda ya saba, sannan ya shafe cikinta kaf da zanen nan, tun daga wuya har ƙasa, ya ɓoye kowane ɗinki. Ba sitati, ba bugu, ba turare. Na yi ta wanke ta ina murzawa har shaddar ta saki jiki.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Ranar farko ko taɓa rigar ya ƙi, ya ga aiki a wuyanta ya gudu. Sai na ajiye ta ƙarƙashin katifar da yake shiga, cikinta a waje. Ya shinshina, ya gane zanen goyonsa, ya fara kwana da ita, daga baya ya yarda aka sa masa. Na koyi daina kira daga nesa, sai in zo in danna kafaɗarsa, in yi magana ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya ko biyu. Wani lokaci ya juyo, wani lokaci ko oho. Malam ya riƙa kai shi zaure in babu kowa, su zauna kaɗan su fito. Akwai ranar da aka yi ta niƙan biki a layi, injin bai huta ba, Jafaru ya cije ni a hannu har yau da tabon. Ranar na zauna a bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na ce ƙila Tanko ne zai yi nasara.

Ranar Babbar Salla duk abin da yaron nan ke gudu ya taru a gidanmu. Raguna na kuka, ana wasa wuƙa, hayaƙin babbaka, yara na ta tsalle. Tanko ya iso tun da hantsi da buhunsa na nama, da wata igiya a aljihu da ya ce ta ɗaure buhu ce. Kafin lokacin gaisuwa Inna ta goya Jafaru ta tamke shi, tana tofa addu'ar Ƙofar Kibo, na bar ta don na san goyon nata yana aiki. Na ba shi ƙwaryar zare a hannu, Malam ya riƙe shi suka nufi zaure. Mace ba ta shiga, sai na manne a bayan ƙyaure ina leƙe ta wata tsaga.

Ya zauna. Baƙi suka yi ta shigowa, ya zauna. Wani ya daka masa kira yana tafa hannu, bai juya ba, ya fara rangaji gaba da baya. Na san alamar, jikinsa ne ke hawa. Hannunsa ya tafi wajen riga, ya kama bakinta ya ɗaga sama. Na ce shi ke nan, ɗana ya tafi ƙauye. Amma bai cire ba. Ya juyo cikin rigar ya manna a kuncinsa yana gogawa, rangajin ya ragu. Sai dai ga kajina a fili, kaza da 'yan tsakinta, a tsakiyar zauren Alhaji Babba, gaban mutanen Kano.

Alhaji ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Ina jiran Malam ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Sai na ji ya ce, "Zanen uwarsa ne, Yaya. Ni na sa. Aikinmu ne ke cizon sa, kuma ba inda za shi."

Ban taɓa jin ya haɗa kalmomi masu yawan haka gaban yayansa ba. Alhaji ya taso, rigarsa na ƙara kamar ana taka busasshen ganye, ya tsuguna gaban yaron. Ya kama bakin rigar zai duba abin kunyar da kyau. Ya murza zanen tsakanin yatsunsa. Ya sake murzawa. Ɗaya hannun nasa ya tafi inda ya saba zuwa, cikin wuyan rigarsa, inda fatar ta yi baƙi ta yi kanta. Ya dafa kafaɗar Jafaru da hannun nan nasa mai nauyi don ya miƙe, kuma karo na farko tun da na zo gidan na ji ya yi magana ba don maƙwabta su ji ba.

"Kai Jafaru," ya ce, "kai ka more."

Jafaru ya ɗago ya dube shi cikin ido. Alhaji ya tsaya a tsugune kamar an dasa shi. Da ya miƙe sai ya juya wajen Tanko, muryarsa ta dawo, ya ce a cika masa buhu a ƙara masa da kai da ƙafa, ya kama hanya kada rana ta yi masa. Ni dai a bayan ƙyaure na zame na zauna, ina dariya hawaye na zuba.

Jafaru bai warke ba, kada in yi muku ƙarya. Yanzu magidancin mutum ne a shekaru, maganarsa har yau a ƙirge take, injin niƙa har yau abokin gabarsa ne. Amma yana gidan ubansa, yana zaune inda uban ya zauna, kuma in ya kama allura babu mai haƙurinsa a layin nan. Inna ta rasu tana kan bakanta cewa malaminta ne ya yi aiki, ban taɓa yi mata gardama ba, don goyonta ya yi abin da ba ta sani ba. Likitar nan ban sake ganin ta ba, an ce ta bar garin, Allah ya saka mata duk inda take. Mai ba da kati kuwa na bar shi da Allah. Abin da zan ce wa uwaye shi ne, in yaro yana jin abin da ba ku ji, ba ya jin abin da kuke ji, kafin ku kai shi ko'ina ku juya rigarsa ku shafa cikinta, ku rage murya, ku je asibiti ko da layin ya kai bakin titi.

Kwana kaɗan bayan Sallar nan, matar Alhaji ta shigo ɗakina tana kame-kame, ta tambaya wai ko akwai ragowar zanen nan, za ta yi tsumman goge fitila. Na ba ta. Bayan wata guda ta dawo, fitilar ta sake yin datti. Haka tsofaffin zannuwana suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuma muka lura Alhaji ya daina sa yatsa a wuya.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa aka buɗe akwatinsa za a raba riguna. Duk wadda aka ɗaga, a waje ga aiki na kece raini, a cikin wuya ga zanen mata. Maza suka yi ta gyaran murya suna kallon rufin ɗaki. Jafaru ya ratso su, ya zaro wata tsohuwa daga ƙasa, ya juya wuyanta. Kajina ne, sun koɗe, saura 'yan tsaki biyu ake ganewa. Ya manna a kuncinsa ya ce, "Baba." Ba wanda ya sa wannan rigar a rabo.